Abin da aikin bibiyar lafiyar jama'a ya koya min a Sakkwato

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti aka ɗaura masa na'urar awon jini a hannu, aka tambaye shi ko yana shan taba, ko akwai mai ciwon suga a gidansu, to yana cin gajiyar wani aiki ne da aka fara tun 1948 a wani ɗan gari na Amurka mai suna Framingham. Mutum 5,209 suka ɗauka, lafiyayyu, ba wai marasa lafiya ba, duk bayan shekara biyu a kira su a auna su, a zauna a jira a ga wa zuciya za ta kama wa za ta bari. Kafin nan likitoci da yawa na ganin hawan jini kawai alamar girma ce, shugabansu ma Roosevelt da shi ya mutu a 1945, jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa. A 1971 aka ɗauki 'ya'yan waɗancan mutanen, a 2002 aka ɗauki jikoki, kuma har yau ana kai.

Wannan duk mun karanta shi a aji mun rubuta a jarabawa, tare da na likitocin Birtaniya da masu bincike Doll da Hill suka fara a 1951 suka bi su shekara 50 har aka gane mai shan taba na asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa. Amma sai da na yi aikin tattara bayanai a wani ɗan ƙaramin bincike na hawan jini da suga a nan cikin gari da ƙauyukan gefen Wamakko da Kware sannan na gane inda ƙarfin irin wannan aikin yake, wato a ce mutumin da ka auna bana ka sake samunsa baɗi, shi ɗin dai ba ƙanensa ba. Zagayen farko kowa zai iya. Ka samu mota da tablet da 'yan alawus, mai unguwa ya sa a yi shela, wallahi kafin hantsi layi ya kai bakin titi. Irin wannan binciken na a shiga sau ɗaya a fita muna da shi a ƙasar nan, binciken NDHS na yawan jama'a da lafiyarsu da ake yi tun 1990 haka yake, kowane zagaye sabbin gidaje ake zaɓa, yana da amfani sosai amma ba zai ce maka wane ne ya kamu da me bayan shekara goma ba.

To a koma zagaye na biyu. Kana neman Abubakar Muhammad, a unguwa ɗaya akwai su kamar bakwai, kuma ba wanda ya san shi da wannan sunan, Garba ake ce masa ko Buba ko wani laƙabi na sana'a. Lambar wayar da ya bayar ta ɗan maƙwabci ce, ko an rufe layin. Gidan ba lamba. In rani ne ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal sai damina ta faɗi, in mace ce an yi mata aure ta koma Gwadabawa, wani ma ya ƙetara Ƙonni. Ga waɗanda rashin tsaro ya tayar daga gabashin jihar, yau suna wannan kangon gobe suna wancan. Kuma matsalar ita ce waɗanda suka ɓace ɗin ba irinsu ɗaya da waɗanda suka zauna ba, majiya ƙarfi ne ke tafiya cin rani, su kuma masu jin jiki sosai an kai su gida jinya, to in ka yi lissafi da ragowar kawai sai ya ba ka amsar da ba ta kowa ba. Shi ya sa yanzu in na ga fom ɗin da bai tambayi laƙabi da sunan kaka da masallacin da mutum ke salla da lambar mutum biyu 'yan uwansa ba, na san wanda ya tsara shi bai taɓa fita neman kowa ba.

Shekaru ma aiki ne. Ka ce Baba shekarunka nawa ya ce “to ɗana, mi zan ce maka, Allah dai ya sani”, sai ku koma lissafi da abubuwan da suka faru, lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 kana ina, da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973 ka yi aure ko tukuna, rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na uku a 1988 'ya'yanka nawa. In ba a yi haka ba kowa sai ya zama ɗan 40 ko 50 ko 60 cif.

Tambayar abinci kuwa ita ta fi ba ni dariya, don an kwafo ta ne daga inda kowa ke cin nasa a faranti. Mutum biyar sun kewaye kwano ɗaya na tuwo kana tambayar cokali nawa ya ci. Maigida bai san gishiri nawa ko magi nawa aka sa a miya ba, sai an shiga ciki wajen uwargida, kuma gidan ba shiga ne, dole mace ce za ta shiga, ita ce ma za ta auna ƙugun mata. Amsar da za a ba ka a kaka daban da ta bazara, ta azumi kuma ba a magana. Awon suga yana son mutum bai karya ba, shi kuwa tun asuba ya sha kokonsa kuma a wajensa koko ba abinci ba ne.

Sai maganar jini, nan ne ake zufa. Mutanenmu ba su manta abin da ya faru a Kano a 1996 da gwajin maganin sanƙarau ba, da rikicin allurar shan inna na 2003, saboda haka in dattijo ya tambaye ka ina za a kai jinin nan, wa zai ajiye shi, har yaushe, ni a ganina tambaya ce mai kyau kuma ya cancanci amsa ta gaskiya, ba a karanta masa takarda shafi huɗu a ce ya dangwala ba. Abin da na lura ya fi komai sayen yarda shi ne a mayar wa mutum sakamakonsa. Wadda aka gaya wa jininta ya haura 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana, aka rubuta mata takardar zuwa asibiti, ita ce baɗi za ta ce “ɗiyata shigo, ga tabarma”, har ta aika a kira kishiyarta.

Kuma jinin nan ana bukatarsa da gaske. UK Biobank, wata ma'ajiyar jini da bayanan lafiya ta Birtaniya, ta tara mutum 500,000 'yan shekara 40 zuwa 69 tsakanin 2006 da 2010, Sin ma tana da tata ta sama da mutum 500,000, amma a binciken ƙwayoyin gado na duniya wajen 2019 kusan kashi 80 cikin ɗari Turawa ne, masu asalin Afirka wajen kashi 2, alhali mu muka fi kowa bambancin ƙwayoyin gado. Sai a 2010 aka gano wani nau'in ƙwayar gado ta APOL1 da ke da yawa a Afirka ta Yamma, yana kare mutum daga wani irin ciwon barci amma yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. A Burkina Faso an daɗe da ganin Fulani sun fi maƙwabtansu jure zazzaɓin cizon sauro. Mu nan ga sikila, ga auren zumunci, ga zafin da ke wuce 40 a watan Afrilu mutum na gona yana zubar da ruwan jikinsa, wa zai amsa mana abin da wannan ke yi wa ƙoda in ba mu ba? Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado da lafiya a Afirka ya ɗan taɓa, a ƙarƙashinsa wani bincike mai suna AWI-Gen ya ɗauki mutum wajen 12,000 a Burkina Faso da Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu. Af, kada a ɗauka su Turawan ba su da tasu matsalar, cikin mutum miliyan 9 da UK Biobank ta gayyata kashi 5 da rabi kawai suka zo, kuma yawanci masu hali ne da suka fi sauran jama'a lafiya.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne rajista. Can in mutum ya kwanta asibiti ko ya mutu bayanin na shiga kwamfuta, mai bincike na zaune zai gani. Mu kuwa mutum ya rasu da hantsi kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ba takarda, ka tambayi sanadi a ce kwana ne ya ƙare, ko gajeriyar rashin lafiya, ko iska ta buge shi, wanda sau da yawa in ka bi a hankali shanyewar ɓarin jiki ce. Akwai tsarin tambayoyi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake yi wa dangin mamaci, ya kumbura ne, ya yi tari, baki ya karkace, kwana nawa ya yi a kwance, amma sai ka bari an share makoki, ka fara da gaisuwa da addu'a, kuma ka nemi wadda ta yi jinyar don ita ta ga komai, ba wanda ya yi magana da yawun gida ba. Maƙwabtanmu na Zamfara sun gwada irin wannan bibiyar haihuwa da mutuwa gida-gida a Nahuce ta ƙaramar hukumar Bunguɗu. Masu ba da kuɗi dai shekara uku ko biyar suke bayarwa, su sayi firiza da janareta da sola, shi kuwa albashin yaron unguwa da zai riƙa zagayawa da littafi duk wata yana rubuta wa ya haihu wa ya tashi wa ya rasu, shi ake fara yankewa in kasafi ya matse.