Yadda na kashe injin jirgi a tsakar gida, ya je ya mutu a tsakiyar kogi

Har yanzu idan na tuna da yammacin Larabar nan sai in ji kamar in mari kaina. Mako uku na yi ina lallaɓa injin nan, ina ƙirga kowace naira kafin ta fita daga aljihuna, sai abin da bai kai minti ɗaya ba ya rushe komai. Kuma ba wanda ya sa ni. Ni na ja igiyar da hannuna, ina washe baki, yara suna tafi.

Injin na kawuna ne, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, irin wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwan Yawuri ya san kukansa. Shekara huɗu yana jingine a ɗakin ajiya, tun da ciwon ƙafa ya raba kawu da ruwa. Ni kuma ina da 'yar gonar shinkafa da albasa a tsallake, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin hayar jirgi ya fara cin rabin abin da nake nomawa. Kwale-kwale ina da shi, na katako, inji ne babu. Sai na je na durƙusa na ce, "Kawu, injin nan fa tsatsa kawai ke cinsa." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ɗauka. In ya tashi ka biya ni bayan girbi, in bai tashi ba ka dawo min da gawarsa." Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa in kai shi wurin tsohon makaniken nan na bakin ruwa ya duba. Na ce to, amma a raina na riga na gama lissafin kuɗin aikin da zan tsira da shi.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ba baƙo ba ne ni a harkar sufana. Babur ɗina ban taɓa kai shi gareji ba, kuma ƙananan janaretocin unguwarmu rabi ni ke tayar da su. Wannan ma silinda biyu ne kawai, 246cc, ana haɗa masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareto. Na ce inji ai inji ne.

Gaskiya farkon aikin bai ba ni wahala ba. Na kafa katako a gindin dogon yaron tsakar gida na ɗaure shi a kai. Na wanke kafireta, wadda tsohon fetur ya daskare a cikinta kamar ƙaro, na sa sababbin fulogi, na canza tiyo da 'yar robar da ake matsawa mai ya hau. Da na kwance noti na ƙasa don zubar da man giya, abin da ya fito fari ne kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Na cire farfela na tarar da zaren taru ya naɗe a bayanta ya yanke sil, wato robar da ke hana ruwa shiga cikin man giya. Na canza sil, na ɗura sabon man giya lamba 90, kusan kwatan lita, ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, na rufe na saman kafin na ƙasan. Duk wannan na yi shi daidai, kuma shi ya ƙara kumbura min kai.

Sai famfon ruwa. A cikin ƙafar injin akwai wata 'yar roba mai fukafukai shida, makanikai na ce mata imfela. Ita ke tsotso ruwan kogi ta tura shi sama ta cikin bututu ya zagaye silinda, sannan wani ɗan kaɗan ya fito ta ƙaramin rami a gefe, abin da 'yan bakin ruwa ke kira fitsarin inji. Tsohuwar ta bushe ta lanƙwashe, don haka na yanke shawarar a nan ba zan yi rowa ba. Na ƙi ta araha, na ba wani direba saƙo ya taho min da ta asali, na jira kwana tara. A duk kayan da na saya ita ce na fi alfahari da ita. Na shafa mata sabulu, na zaunar da 'yar makullinta mai siffar rabin wata, na juya sandar ta hannun dama ina danna murfin har fukafukan suka kwanta yadda ya kamata. Na mayar da ƙafa, na haɗa sandar giya.

Daga nan ne shaiɗan ya zo.

Akwai duro a gidan, rabin ganga da uwargida ke tara ruwa a ciki. Na san ana gwada irin wannan inji a cikin ruwa, na sha gani a bakin kogi, amma a tunanina don kada ya yi zafi ne kawai, kuma inji ba ya zafi a minti ɗaya. Ga ruwan duron na girki ne, ga magariba ta kusa, ga maƙwabta biyu sun leƙo suna tambaya ko yau za a ji shi. Na ce bari dai in ji muryarsa. Ja na huɗu ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, yara suka hau tsalle. Maimakon in kashe nan take, sai na murɗa masa wuta sau biyu ko uku don a ji daɗi. Na kashe, wani maƙwabci ya iso a makare ya ce bai ji ba, na sake tayarwa. Duka-duka bai fi minti ɗaya ba. Na ɗan ji warin ƙonanniyar roba, na ce tsohuwar ƙura ce ke ƙonewa a salansa.

Abin da ban sani ba, ruwan nan ba sanyaya inji kaɗai yake yi ba. Shi ne man shafawar imfela. Robar tana gogar bangon ƙarfe ne a matse, tana juyawa da gudun inji, sau dubbai a minti. In babu ruwa, cikin 'yan daƙiƙoƙi take ɗaukar zafi ta narke ko ta kakkarye. Babur iska ke sanyaya shi, za ka iya tayar da shi a kan jaki ka bar shi yana kuka. Wannan kuwa da kogi aka ƙera shi. Robar da na jira kwana tara, ni na gasa ta da kaina kafin ta taɓa ganin ruwa.

Washegari da sassafe muka ɗora shi a amalanke zuwa bakin ruwa, ni da ƙanena. Ja biyu ya tashi. Na duba fitsarin, sai ɗigo-ɗigo yake yi, ba ƙarfi. A nan Allah ya ba ni dama ta biyu, na sa ƙafa na shure ta. Na ce ai zanzaro ne ya yi gini a ramin, tun da shekara huɗu injin na ajiye. Kuma abin haushin, zanzaro na yin hakan da gaske, shi ya sa ƙaryar ta zauna min daram. Na zura waya na sosa, ɗigon ya ɗan ƙaru, ko kuma idona ne ya so ya ga ya ƙaru. Imfela sabuwa ce fil, ta asali, me zai same ta? Ƙanena ya ce, "Yaya, na mutane fa kamar an matsa tiyo yake fitowa." Na ce masa ya zauna ya riƙe filafili, ba a tambaye shi ba.

Mun yi kamar minti goma muna haurawa. Sai ƙarfin injin ya fara raguwa kamar an riƙe shi ta baya, kukansa ya canza ya koma wani ƙarau-ƙarau. Na waiga, fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, tururi ne ke fita. Wannan tsohon nawa ba shi da wata ƙararrawa da za ta yi maka gargaɗi, ɗan ruwan nan shi ne kaɗai bakin da yake magana da shi. Kafin in kai hannu ya mutu da kansa. Na ɗaga murfi, warin ƙonannen fenti ya buge ni. Na ja igiya, ta ƙi motsi ko kaɗan.

Wanda bai taɓa zama a tsakiyar kogin Neja da mataccen inji ba, ruwa na jansa yana kallon gari na wucewa, ba zai gane ba. Mu da muka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warra a watan Mayun 2021 ba ma wasa da kogin nan, amma ga ni na fito da ɗan mutane, filafili ɗaya, ba rigar ruwa ko guda. Wani basarke da ke dawowa daga duba tarunsa ne ya jefo mana igiya ya ja mu. Bai ce komai ba duk hanyar, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

A ƙarshe dai wurin tsohon da kawu ya ce na kai shi, a amalanken da na ɗauko shi. Ya sauke ƙafar, ya buɗe famfo, ya ɗago robar da bakin sukudireba. Fukafukai biyu babu su, sauran huɗun sun yi ƙyalli sun murɗe, gidan famfon ma ya narke ta gefe. Ya shinshina ya ce, "Ɗana, a tudu ka tayar da shi." Ba tambaya ba ce. Na ce, "Baba, minti ɗaya ne fa." Ya ce, "Kai za ka iya minti ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba numfashi? To shi ma haka yake a tudu."

Sai ya yi wani abu da ban taɓa tunaninsa ba, kuma shi ne abu mafi amfani da na koya a duk wannan wahala. Ya ɗauko faranti, ya ɗora robar a tsakiya, ya ce ba za a sa sabuwa ba sai fukafukai shida sun cika a farantin nan. Duk ɓallin da ya ɓace yana cikin injin, kuma duk inda ya maƙale zai tare ruwa ko da ka sa imfela goma. Muka yini muna farauta. Ya tura ruwa ta sama ya biyo bututun a juye, wani gutsure ya faɗo. Wani muka same shi a bakin bututun daga sama, ya toshe shi kamar an sa marfi. Sauran ƙanana sai da aka buɗe murfin gefen salansa. Yana samowa yana jerawa kamar mai haɗa fasasshiyar ƙwarya, sai da siffar ta cika ya ce alhamdu lillahi. Da ni ne, wallahi sabuwa zan saya in sa in koma ruwa, in sake ƙona shi karo na biyu.

Da aka buɗe kan silinda, gaskit ya ƙone, fistin na sama ya kwarzane ta gefen salansa, ringinsa sun manne. Na yi sa'a bangon silindar bai yi zurfin rauni ba, gogewa kawai aka yi ba a kai ga faɗaɗa shi ba. Kan silindar kuma ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi ya riƙa murza shi a hankali har ya daidaita. Fistin ɗaya, ringi, gaskit, gidan famfo gaba ɗaya, wata imfelar, ga kuɗin aikin da na gudu tun farko. Da na haɗa lissafi, gyaran ɓarnata ya kusa ninka abin da na kashe a mako ukun farko sau uku. Buhu biyu na shinkafa shanshara da na ajiye don iri da cefane suka tafi. Garin neman ƙiba na samo rama.

Kuma bai ƙare a nan ba, domin sabon fistin sai an yi masa reno. Awa goma na farko baƙin mai ninki biyu ake sa masa, mililita 40 a kowace lita maimakon 20 da aka saba, kuma ba a murɗa wuta har ƙarshe. Da sirinji nake aunawa yanzu, na daina aikin ido. Tsohon ya kuma hana ni baƙin man mota da wasu ke zubawa, ya ce in nemi wanda aka yi don injin ruwa, mai alamar TC-W3 a jikin galan. Awa goma kana tafiya kamar hawainiya da fetur a farashin yau, kana kallon wasu na wuce ka, duk saboda maƙwabci bai ji kukan inji ba.

Mutane kan tambaye ni ko gyaran gida ya biya. Kafireta, fulogi, tiyo, man giya, sil, har da canza imfelar kanta, duk mai haƙuri da sufana lamba 10 da 12 zai iya, kuma zan sake yi gobe. Amma kafin ka taɓa igiya, cika duro har ruwa ya haura faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela sosai ya rufe famfon, ka bar giya a firi. In ya tashi, kada ka saurari kukansa, ka kalli fitsarinsa. In bai fito da ƙarfi ba cikin ɗan lokaci kaɗan, kashe, ko da imfelar jiya ka sa ta. Ni sabuntarta ce ta makantar da ni, na yarda da rasit na ƙi yarda da idona da na ƙanena. Da damina kuma, in kogi ya yi laka, ko ka bi ta wurin da kainuwa da leda suka taru, ka riƙa waigawa, don ramukan shan ruwan ba su da wuyar toshewa. Wuyana har ya saba, ko a jirgin wani nake sai in ga ina leƙen injinsa.

Injin dai yana aiki. Ya kwaso albasar bana kaf, ja ɗaya ko biyu yake tashi. Na sayi rigar ruwa biyu na gwanjo da filafili na biyu. Murfinsa har yanzu a tsage yake, da robar tayar babur na ɗaure shi, fenti kuma sai wata shekarar. Duron nan na saye shi a hannun uwargida, ta ce tun da ruwanta na ƙyamata ranar nan, yanzu sai in biya.

Da na kai wa kawu kuɗinsa bayan girbi, ashe labari ya riga ni isa. Ya ƙirga, ya cire wani abu ya miƙo min, ya ce in ƙara a kuɗin makaranta. Na ce, "Kawu, yaran ai an biya musu." Ya ce ba ta yara yake nufi ba.