Gibin da Na Tarar a Taswirar Duwatsun Aman Wuta na Cile

Aikin farko da malamata ta ba ni ba shi da wuya: in ɗauki taswirar kudancin Cile, in ɗiga jan alƙalami a kan kowane dutse mai aman wuta. Na yi ta ɗigawa, suna jere reras daga arewa zuwa kudu, har na iso Hudson, wanda ya yi mummunan aman wuta a watan Agusta na 1991. Daga nan sai shiru. Sama da kilomita 300 babu ko ɗaya, sai a Lautaro jerin ya sake farawa. Na ɗauka bayanaina ne suka yi ƙaranci, na kwana uku ina neman abin da ba ya nan.

Da na kai mata kuka, sai ta ɗora yatsa a kan zirin ƙasar Taitao ta ce, "Duba abin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa a nan."

A daidai wurin ne tudun tsakiyar teku, inda farantin Nazka da na Antatika, wato manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa masu motsi, ke rabuwa ana haifar sabon ɓawon ƙasa, ya ci karo da ramin tekun Cile yana nutsewa ƙarƙashin Kudancin Amurka. Karon ya fara ne wajen shekara miliyan 14 da suka wuce, can kusa da ƙarshen nahiyar, yana ta matsowa arewa. Ni kuwa tunanina shi ne, tunda abu mai zafi ke shiga, ai aman wuta ƙaruwa zai yi. A nan na yi kuskure.

Ruwa ne ke kunna waɗannan duwatsu. Tsohon faranti mai sanyi, irin wanda ya daɗe a ƙasan teku, yana nutsewa ɗauke da ruwa a cikin ma'adanansa, sai a zurfin kamar kilomita 100 ya sake shi, ruwan ya sauƙaƙa wa dutsen da ke samansa narkewa. Sabon faranti mai zafi kuwa tun bai yi nisa ba yake zubar da ruwansa. Ga kuma wani abu: Nazka na tafiya kusan santimita 7 a shekara, Antatika kusan 2 kawai, don haka bayan sun nutse tazara na buɗewa a tsakaninsu. Wannan ce ake kira taga. A saman tagar babu farantin da zai ba da ruwa, shi ya sa jerin ya yanke.

Narkakken dutsen dai bai ɓace ba, wuri ya sauya. Na ga haka da idona lokacin da muka tsallaka gefen Ajantina, muka hau faffaɗan tudun da ke kudu da tafkin Buenos Aires. Iska na neman ƙwace littafina, na fasa wani baƙin dutse da guduma, na sa madubin hannu, sai ga ƙananan ƙwayoyin olibin masu ruwan kore suna ƙyalli. Basalt ne da ya fito daga zafaffen mantil, wato dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, da ya kunno ta tagar, nesa ƙwarai da inda jerin ya kamata ya kasance. A Taitao kuma akwai giranit ƙarami a shekaru daf da bakin ramin teku, wurin da a ƙa'ida sanyi ne.

Kuskurena na biyu a sinadarai ne. Duwatsun kudu, irin su Lautaro da Aguilera da Reclus da Burney, suna da sitirontiyom mai yawa da itiriyom kaɗan, alamar da ake kira adakait. Ana danganta ta da narkewar farantin kansa, inda ma'adinin ganet ke riƙe itiriyom a ƙasa. Na yi gaggawar rubuta cewa duk samfurin da ya nuna haka daga faranti ya fito. Malamata ta ja layi a ƙarƙashin jimlar, ta tuna mini cewa gindin ɓawon nahiya mai kauri ma yana ba da wannan alamar idan ya narke. Sai da na koma na jera shekarun kowane samfur kusa da lokacin da tudun tsakiyar tekun ya wuce ƙarƙashinsa, wata guda cur, sannan ta yarda na sake rubuta babin.