Abin da tekun Dakar ya koya min da kyamara a hannu

Ni ɗan Damagaram ne, kafin karatu ya kai ni Dakar ban taɓa ganin teku da idona ba, iyakaci tabki da damina. To a darasin ɗaukar hoto malaminmu ya ce kowa ya zaɓi wuri ɗaya ya yi ta komawa har ƙarshen zango, ni kuwa na ce bakin teku. Dakar ɗin kanta a kan wata ƙasa take wadda ta kutsa cikin Atlantika, Cap-Vert suke ce mata, ruwa ya kewaye ta ta gefe uku, duk inda ka nufa sai ka ci karo da gaɓa.

Fitar farko Almadies na je, can ne ƙurewar yammacin nahiyar Afirka, da rana tsaka na je ina ta ƙyasta hoto, sun fi ɗari, na dawo na zuba a kwamfuta wallahi babu ko ɗaya mai rai, sama fari fat duwatsu baƙi ƙirin. Malam ya duba ya ce ƙarfe nawa ka je? Na ce ɗaya. Ya ce koma bayan la'asar sakaliya.

Na koma, haske ya yi laushi amma wurin da na tsaya rannan ruwa ya shanye shi, na rasa gane abin. Wani dattijo masunci ɗan ƙabilar Lebu yana gyaran taru, na yi masa sallama na ce Baba ina duwatsun nan suka shiga? Da guntun Faransanci da nuni da hannu ya fahimtar da ni, teku sau biyu take cika sau biyu take janyewa a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Sai ya nuna sama ya ce yaro wata za ka riƙa dubawa, in ya tsaya sabo da kuma daren sha huɗu cikar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. Abin ya ratsa ni, watan nan da muke lissafin azumi da shi ashe shi ke jan ruwan. Daga ranar kafin in ɗauki jaka sai na duba kwanan wata da jadawalin cikar teku a waya.

Hoton da na fi so a Ouakam na same shi, inda masallacin nan mai hasumiya biyu yake a ƙasan tudu dab da ruwa, kwale-kwale masu fenti ja da rawaya jere a kan yashi, a sama kuma Mamelles, tudu biyu, ɗaya da fitilar jiragen ruwa da aka gina tun 1864, ɗayan da ƙaton mutum-mutumin da aka buɗe a 2010. Sau biyar ina zuwa. A na biyar ruwa ya janye daidai faɗuwar rana, duwatsun suka fito jiƙe suna ƙyalli, na kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku na bar idonta a buɗe rabin sakan, igiyar ruwan ta fito kamar auduga a kan baƙin dutse, ana ta kiran magariba hannuna na rawa.

Iskar teku da gishiri take tafe, wannan ma na ji a jikina, na goge gilashin kyamarar da bakin rigata ya kwarzane, har yau abin na min ciwo. Yanzu sai na hure yashin tukuna in bi da ƙyalle mai laushi.

Hazo kuma a Janairu ya riske ni can, irin namu na gida sak. Abokan karatu suka ajiye kyamara wai ba a ganin komai, ni na fita don na san shi tun ina yaro, na san rana za ta koma faifai fari kafin ta kai ruwa. Soumbédioune na je na jira masunta suna dawowa, kwale-kwale na ɓullowa daga cikin ƙura ɗaya bayan ɗaya, mata na tsaye da robobi. Na nemi izini, biyu suka ƙi na sauke kyamara, ta ukun ta gyara ɗankwali ta juya ta fuskanci teku.