Wa ke riƙe da wayar?

Tunda na ajiye aikin, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Manhajar hirar da muka gina wa masu juna biyu a nan Katsina, da farko sai an tambaye ta take magana: ranar awo, kumburin ƙafa, maganin ƙarin jini. Oga ya dawo daga taro a Abuja ya ce masu ba da kuɗi suna son ganin saƙonni sun yi yawa, don haka ta riƙa fara magana da kanta. Na ce, ranka ya daɗe, da yawa daga cikin lambobin nan na mazajensu ne ko na ƙannen miji. Ya ce an ɗauke ni in rubuta manhaja ne, ba ungozomanci ba.

Saƙo ya fita: "Barka da shiga wata na huɗu." Amarya ce, cikin fari, ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba saboda kunya. Wayar kuwa tana hannun ƙanin mijinta a majalisa, ya karanta a fili ana dariya. Yarinyar nan ba ta sake taka ƙafa wajen awo ba. A rahoton wata aka rubuta "matsalar fasaha", aka sa sunana a ƙasa.

Kuma illar aika wa mutum saƙon da bai nema ba, ba sabon ilimi ba ne. WhatsApp kanta ba ta barin kamfani ya aika wa mutum abin da ya ga dama idan awa 24 ta wuce da saƙon ƙarshe da mutumin ya aiko. Tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 ta toshe saƙonnin talla, saboda mutane sun gaji da saƙon da ba su nema ba.

Akwai inda dole manhaja ta yi gaba. Mace ta zo tambayar abinci, ta ambaci zubar jini ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, to a bar zancen abinci, a ce ta tafi asibiti yanzu. Ita ta buɗe hirar, kuma shiru a nan na iya cin rai.

Fara hira kuwa sai da izininta, a lokacin da ta zaɓa. Saƙon farko ya tsaya a sallama da tambayar wa ke riƙe da wayar. Wanda ya gaje ni ya duba wasiƙun ofis, zai tarar na rubuta wannan tun kafin abin ya faru, ba a ba ni amsa ba.