Talata a ɗakin rajista

Hazo ya sauko sosai yau. Takwas saura na isa ofis, na tarar ƙura ta kwanta a kan teburi da fayilolin da muka bari jiya, duk da cewa tagogi a rufe suka kwana. Baba masinja ya riga ni zuwa, yana ta karkaɗe su da tsumma. Muka gaisa, ya ɗauki jakar wasiƙu ya nufi babban gidan waya. Talata da Alhamis kawai yake zuwa can yanzu. Har yau P&T yake ce wa wurin, sunan da ya taso yana ji, wato tsohuwar ma'aikatar wasiƙu da tarho, ko da yake tun 1985 aka raba ta aka fitar da NIPOST mai kula da wasiƙu da NITEL mai kula da tarho. Yakan ce a da sai an ɗaure jakar a bayan keke saboda nauyi. Yau ambulan ɗin da ya dawo da su hannu ɗaya ya riƙo. Yawancin takardu yanzu da hannu ake kawo su, ko ta 'yan kamfanin aike masu babur, ko ta imel.

Ko ta ina takarda ta shigo dai, hanyarta ɗaya ce. In buɗe, in duba ko abin da aka ce an haɗo yana ciki, in buga hatimin karɓa, in rubuta lokaci, in sa hannu. Sannan ta shiga babban littafi: lambarta, ranar da aka rubuta ta, wanda ya aiko, lambar da ke kanta, abin da ta ƙunsa a taƙaice, fayil ɗin da za ta shiga, da wanda za a kai wa. Wadda aka rubuta wa "sirri" ba na taɓa bakinta, ɗakin rajistar sirri take wucewa a rufe. Wadda ke ɗauke da sunan mutum shi kaɗai ba muƙaminsa ba, ita ma a rufe ake miƙa masa. Takardar kotu kuwa har ambulan ɗin nake maƙalawa a bayanta, don wata rana shi ne shaidar ranar da ta iso. Yau akwai guda daga wata ƙungiya da ke neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar kwana 7 ta bayar a ba da amsa, kuma daga ranar da takarda ta shigo hannunmu ake fara ƙirge. Ban jira masinja ba, da ƙafata na kai ta ofishin Babban Sakatare.

Wajen ƙarfe goma da rabi wani dattijo ya yi sallama a bakin taga. Farin gemu, babbar riga da ta sha wanki, ƙafafu fururu da ƙura. Tsohon ma'aikacinmu ne, ya cika shekara 35 yana aiki, mafi yawansu a karkara. Daga wajen Doguwa ya taso tun asuba, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ba nan kusa ba ce. Maganar garatutinsa ce. Ya ce tun damina ya kawo takarda, yau ya hau sama an ce masa ba a ga wata takarda tasa ba, ya je ya sake rubutowa.

Na ce, "Baba, da ka kawo, an ba ka kwafi mai hatimi?"

Ya ce, "Akwai, ɗana."

Ya cire hula. A cikinta akwai baƙar leda, a cikin ledar akwai wata ledar, sannan takardar, an ninke ta har layin ninkin ya fara tsagewa. Ya warware ta a hankali a kan katakon taga, yana danne gefenta da tafin hannu kada iska ta ɗauka. Hatiminmu na nan a kusurwar dama, shuɗin ya koɗe amma kwanan wata ya fito sarai, da sa hannun abokin aikina a ƙasa. Ganin hatimin nan sai na ji hankalina ya kwanta. Mutumin da ba shi da kowa a sama, ba shi da lambar wayar wani darakta, abin da zai tsaya masa kenan.

Na ba shi kujera, na ciro littafin wancan watan. Takardarsa na nan a rubuce, da lambar fayil ɗinsa. Na koma littafin zirga-zirgar fayil, inda duk wanda ya karɓa yake sa hannu. Daga wurinmu ya tafi sashen mulki, ya dawo, ya tafi sashen kuɗi, daga nan layin ya tsaya. Ba a rubuta ya dawo ba. Na hau can da littafin a hammata. Da farko cewa aka yi ba ya nan, sai na buɗe shafin na nuna sa hannun wanda ya karɓa, ban ƙara ko kalma ba. Aka shiga dube-dube. Can ƙasan wata kabad aka same shi, ya shige cikin wani ƙaton fayil na wani mutum daban, igiyarsu ta sarƙe. Takardar dattijon na ciki, darakta ma ya riga ya yi mata minit, wato ya rubuta umarni a kanta, cewa a lissafa haƙƙinsa. Tun damina aikin yake jiran wanda zai ɗaga fayil ɗaya daga kan wani.

Ba na jin wani ya yi da gangan. Amma abin ya tsaya min a rai, domin kalmar "ba a gani ba" tana da sauƙin faɗa, shi kuwa wanda aka faɗa wa kuɗin mota ne, da yini guda, da komawa gida gwiwa a sanyaye ya rasa abin da zai ce wa iyali. Da na sauko na gaya masa, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan mahaifa." Na rubuta masa lambar fayil ɗin da manyan baƙaƙe a bayan kwafinsa, na ce duk ranar da ya dawo ita zai faɗa, kada ya tsaya dogon bayani. Ya mayar da takardar cikin ledojinta, ya mayar cikin hula.

Bayan azahar wani ɗan kwangila ya zo da ambulan da ya kamata ya shigo tun Juma'a. Ya sunkuyo ya rage murya, wai in taimaka in juya kwanan watan hatimin baya kaɗan, ai ba wanda zai sani, kuma ba zai manta da ni ba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yau Talata, Talata zan buga." Ya nufi Hajiya shugabar rajista. Ko ɗago kai ba ta yi daga rubutun da take ba, ta ce, "Alhaji, abin da ya faɗa maka shi ne." Hatimin da za a iya juya wa mai kuɗi ba zai amfani dattijon ɗazu da komai ba, domin ranar da aka san ana juya shi, kwafin da ke cikin hularsa ya zama takardar tsire. Alhajin ya karɓi kwafinsa da kwanan watan yau, ya fita ba sallama.

Daga ƙarfe biyu aikin wasiƙu masu fita ne. Kowace wasiƙa kwafi uku: na asali da zai tafi, na fayil, da wanda muke jerawa bisa kwanan wata don saurin dubawa. Na mayar da guda biyu sama, ɗaya ba a sa mata hannu ba, ɗaya kuma an ce an haɗo jadawali amma babu shi. Na cikin gari Baba masinja ya tafi da su da littafin sa hannu, kuma ya san ƙa'ida, ba ya barin takarda a hannun mai gadi, sai wanda zai rubuta sunansa da lokaci. Ta Abuja ta EMS za ta bi, wato sashen aiken gaggawa na gidan waya, rasit ɗin kuma a manne shi jikin kwafin fayil. Wani jami'i ya leƙo ya ce ai ya riga ya tura hoton tasa ta WhatsApp, ba sai an wahala ba. Na ce ya kyauta, amma ta asalin ma za ta tafi. Ina murna da maganar da ake yi ta mayar da aikin gwamnati kan kwamfuta, don da fayil ɗin dattijon a na'ura yake da bai kwana a ƙasan kabad ba. Fatana dai duk tsarin da za a kawo ya riƙa ba mai kawo takarda shaida a hannunsa, ya kuma nuna a teburin wa take.

Kafin a tashi na koma sashen kuɗi na tabbatar fayil ɗin yana kan teburin mai lissafi, na kuma sa a littafina in sake bibiya ranar Litinin. Baba ya dawo dab da la'asar, duk an sa hannu sai ofishi ɗaya da ya tarar a kulle, wannan da ita zai fara gobe. Tawadar hatimi ma ta kusa ƙarewa, na rubuta wa mai sito.