Sunan ƙwayar cuta bai isa hukunci ba

Duk wanda ya kawo ruwa ɗakin gwaje-gwaje tambaya ɗaya ce a bakinsa: a sha ko kada a sha? Mu kuwa abin da ke gabanmu kwalba ce, da farantai, da na'urar ɗumama, sai jiran kwana ɗaya ko biyu. Akwai rata tsakanin abin da yake son ji da abin da kayan aikinmu ke iya gani, kuma mafi yawan abin da na koya a binciken bakteriyar ruwa a cikin wannan ratar na koye shi.

A gwajin yau da kullum ba ƙwayar kwalara ko ta taifod ake nema ba. Waɗannan ba su da yawa a ruwa, yau suna nan gobe babu, kuma kowace da irin tarkon da ke kama ta. E. coli ake nema, wadda Theodor Escherich ya bayyana a 1885, domin tana zaune jingim a hanjin mutum da na dabbobi. In an gan ta, to kashi ya shiga ruwan, kuma inda kashi ya bi, Salmonella Typhi mai kawo taifod da Shigella mai kawo atini da Vibrio cholerae mai kawo kwalara za su iya bi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Ana tace ruwan ta wata 'yar takarda mai ramuka maikuromita 0.45, a ɗora ta a faranti mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a zafin digiri 44 na Salshiyas, washegari a ƙirga ɗigon da suka tsiro.

Aikin yana iya lalacewa tun kafin kwalba ta iso. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, dole a sa ɗan sodium thiosulfate a kwalbar ya kashe ƙarfin kulorin, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyi a hanya, sakamako ya fito fes alhali ba haka ruwan yake a bakin famfo ba. In kuma kwalba ta sha rana, ƙwayoyi su hayayyafa ko su mutu. Shi ya sa ake sa ta cikin ƙanƙara, a yi ƙoƙarin fara gwaji cikin awa shida. Na daina karɓar kwalbar da ba a rubuta lokacin ɗibarta ba, ko da mai kawowa zai ji haushi.

Inda aikin ya fi koya mini hankali shi ne wajen raɗa wa ƙwaya suna. Ɗauki Vibrio cholerae. A fara zuba samfurin a ruwan peptone mai alkali, wani ruwan kiwon ƙwayoyi, wanda ita take so sauran ba sa so, sannan a shuka a farantin TCBS, wanda aka tanada don dangin Vibrio. Farantin kore ne shar, amma da safe sai ka tarar da ɗigo rawaya masu faɗi, saboda ƙwayar ta cinye sukarin da ke ciki ta canza launin. Ranar da ɗalibi ya fara ganin wannan rawayar, jikinsa rawa yake, yana ganin ya kama kwalara. Wata tsohuwar ma'aikaciya da ta koya mana aikin ba ta ko ɗaga kai, sai ta ce, "Yaro, rawaya ka gani. Je ka kawo mini sauran shaida." Gaskiyarta, domin akwai wasu ƙwayoyin da kan fito rawaya a farantin. Sai an yi rinin Gram, dabarar da Hans Christian Gram ya fito da ita a 1884, a ga 'yan sanduna ja masu lanƙwasa a madubin ƙara girma. Sai gwajin oxidase, na neman wani sinadari a jikin ƙwayar. Sai a cakuɗa ɗigon da wani ruwan sinadari a kan gilashi, a ɗaga da 'yar wayar ƙarfe a ga ko zai yi yauƙi ya ja zare. Duk wannan ya tabbata, ka sami suna ke nan kawai.

Sunan kuma bai ce komai a kan haɗari ba tukuna. Vibrio cholerae tana da rukuni sama da 200, biyu ne kacal ke haddasa annoba, O1 da O139. Ko a cikin O1 ɗin ma, sai mai ɗauke da ƙwayar halittar (wato sashen DNA) da ke sarrafa dafin kwalara. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa wannan ƙwayar halittar ba gadon bakteriyar ba ce, wani bairos ne da ke shiga cikinta yake kawo ta. Ke nan kana iya ɗebo Vibrio cholerae a kogi, suna ya tabbata, amma ba za ta tayar da annoba ba. Mai rubuta rahoto da ya tsaya a kan sunan kaɗai zai tayar wa jama'a hankali a banza.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. A 1905 aka gano wani nau'i a sansanin killace alhazai na El Tor da ke Sina'i a Masar, a jikin mutanen da ba kwalara ce ta kashe su ba. Shekaru da dama ana ɗaukarsa mai sauƙi. A 1961 shi ne ya tashi daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya ya zama annoba ta bakwai, wadda har yau ba ta ƙare ba. A 1992 kuma O139 ta ɓulla a Indiya da Bangaladash, lokacin da littattafai ke cewa O1 ce kaɗai ke yin annoba. Rabe-raben da muke haddacewa mutane ne suka tsara su gwargwadon abin da suka gani a zamaninsu.

Shigella misali ce da nake yawan bai wa ɗalibai. In aka bi ƙwayoyin halitta, ita da E. coli kusan abu ɗaya ne, har na'urorin zamani masu gane ƙwaya cikin mintuna sukan kasa raba su. An bar mata sunanta ne saboda likita yana buƙatar jin "Shigella" ya san atini yake fuskanta. A ganina hakan daidai ne, muddin mai bincike ya san cewa maslahar asibiti ce ta raba su.

Ita kanta E. coli da muke yi wa kallon 'yar aike tana da 'ya'ya masu kisa. Ɗaya daga cikinsu, O157:H7, ba ta son zafin digiri 44, kuma ba ta da sinadarin da wasu gwaje-gwajen gaggawa ke dogara da shi, don haka sai an neme ta da faranti na musamman mai sorbitol, wani irin sukari. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu zuwa wata rijiyar gari, kulorin bai isa ba, mutum bakwai suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Gwaji ya nuna gurɓata, amma labarin bai kai ga jami'an lafiya da wuri ba.

Kalmar da na fi jin tsoron rubutawa ita ce "babu". Faranti ba ya nuna sai abin da ya yarda ya tsiro a kansa, kuma mafi yawan bakteriyar da ke ruwa ba sa tsirowa a farantanmu. A 1982 Rita Colwell da abokan aikinta suka nuna cewa Vibrio cholerae tana iya yin lamo a ruwa, tana raye amma ba ta tsiro. Legionella kuwa, wadda ta kashe mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976, sai a farkon 1977 Joseph McDade ya gano ta, domin ba ta tsiro a abincin ƙwayoyi na yau da kullum, sai an ƙara mata wani sinadari mai suna cysteine da sinadarin ƙarfe. Ba ta kashi take zuwa ba, a bututun ruwan ɗumi take zama, kuma shaƙar feshinta ake yi. Ruwa zai ci gwajin E. coli lafiya lau alhali tana ciki. Saboda haka a rahoto nakan rubuta abin da aka nema, da dabarar da aka bi, da yawan ruwan da aka gwada, sannan in ce ba a same shi ba. Wasu na ganin wannan noƙe-noƙe ne. Ni ina ganin iyakar abin da na gani ke nan.

Gwajin PCR, mai kwafar DNA har ta yi yawan da za a gane ta, ya rage wannan makanta, tunda ƙwayar halitta yake nema kai tsaye, har da ta dafin. Amma shi ma ba ya raba rayayye da gawa: ruwan da kulorin ya gama aikinsa a kai yana iya nuna akwai. Karanta dukan ƙwayoyin halitta ya fi su nisa, shi ya nuna cewa kwalarar da ta ɓarke a Haiti a 2010 dangin ta Nepal ce ta kusa, kuma a 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince tana da hannu ta hanyar sojojinta na kiyaye zaman lafiya. Sai dai irin wannan amsa takan zo bayan an yi jana'iza.

Colwell ba ta tsaya a tambayar mene ne sunan ƙwayar ba, ta bi ta ta ga inda take kwana. Ta gano tana manne wa wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, waɗanda suka fi ta girma nesa ba kusa ba. Daga nan aka gwada a ƙauyukan Matlab na Bangaladash: mata su ninka tsohon zanensu, wanda ake kira sari, aƙalla sau huɗu su tace ruwa da shi. Zanen bai isa tare bakteriya ita kaɗai ba, amma yana tare abin da take hawa. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi tacewar.