Daren da na kwana a ƙauyen Dani

Wallahi har yau ina tuna daren nan a wani ƙauyen ƙabilar Dani can gaba da garin Wamena, cikin kwarin Baliem a yankin Papua na ƙasar Indonesiya. Sanyi kamar me, muna cikin honai, bukkarsu mai rufin ciyawa, ba taga, hayaƙi na cin ido amma shi ke ɗumama mu. Su dukiyarsu alade ce, da ita ake biyan sadaki da diyya, shi yasa satar guda ɗaya kan iya haɗa dangi biyu faɗa. Mai masaukina sai da ya tashi tsakar dare ya duba shinge ya leƙa aladunsa sannan ya iya barci, abin ya taɓa ni sosai. Gona kuwa ta dangi ce, ba takarda amma kowa ya san iyakarsa. Da safe matarsa ta miƙo min gasasshen dankali biyu da zafinsu.